Ƙa'idar Adana Bayanai

Ƙa'idar adana bayanai tsari ne da ma'aikata ke gindayawa don fayyace tsawon lokacin da za ta riƙe takardu da saƙonnin kwamfuta kafin ta goge su. A Najeriya doka ce ke yanke wa'adin. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu layi har shekara biyu, bankuna kuwa dokar hana halasta kuɗin haram ce ta wajabta musu aƙalla shekara biyar. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum bayan buƙatarsu ta wuce.

Jami'in kwamfuta kan kafa ƙa'idar ta hanyar rubuta umarni kai tsaye, misali a PowerShell na Microsoft: layin farko ya ambaci akwatunan imel da abin ya shafa, na biyu ya sa adadin kwanaki. Aikin yana son natsuwa ƙwarai, domin sifili guda da aka manta kan mayar da kwana 3650 ya koma 365.

Dokar 2023 ta hau kan duk mai riƙe bayanan jama'a, tun daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza har sakatariyar ƙaramar hukumar Gwandu.