Sikanin Mai Allurar Kumfa: Yadda Yake Aiki da Abin da Ya Kamata Ka Sani

Idan an yi maka sikanin ciki a Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, aka ce an ga wani ƙullutu a hantarka, tambayar farko ita ce: mai illa ne ko marar illa? Sau da yawa sikanin da aka saba yi ba ya iya bambancewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin samun amsa ita ce a sake hoton bayan an yi maka allurar wasu ƙananan kumfa ta jijiya.

Mene ne wannan kumfa?

Ƙwayoyin iskar gas ne da aka lulluɓe da siririn ɓawo na maiƙo ko na furotin. Girman yawancinsu bai kai na jan ƙwayar jini ba, don haka suna bin jini har cikin ƙananan jijiyoyi ba tare da sun toshe su ba. Ba sa fita daga jijiya su shiga tsoka, shi ya sa duk inda aka gan su, an ga inda jini yake bi.

A 1968 ne Raymond Gramiak da Pravin Shah na Jami'ar Rochester a Amurka suka bayyana yadda allurar ruwa ke haska jini a hoton zuciya. Daga baya aka gano kumfa ne ke yin hakan. Cikin magungunan da ake amfani da su yau akwai SonoVue, wanda aka amince da shi a Turai a 2001, da Definity da Sonazoid.

Yaya na'ura ke gane kumfar?

Na'urar sikanin tana aika sautin da kunne ba ya ji, sannan ta saurari amsa-kuwwarsa. Jini ba ya mayar da sauti sosai, shi ya sa yake fitowa baƙi a allo. Ita kuwa kumfa, da sauti ya taɓa ta sai ta riƙa tsukewa tana kumbura, kuma kumburinta ya fi tsukewarta. Wannan ne ke sa amsarta ta bambanta da ta tsoka.

Don ware amsar kumfa, na'urar kan aika sauti biyu a jere, na biyun kishiyar na farko. Idan aka haɗa amsoshin, na tsoka sai su soke juna, na kumfa su rage. Sai hanyoyin jini su fito da haske, sauran wurin ya yi duhu. Likita yana rage ƙarfin sautin ƙwarai, domin sauti mai ƙarfi yana fasa kumfar. Saboda haka ba kowace na'ura ce ke wannan aiki ba, sai wadda aka tanadar mata tsarinsa.

Me likita yake dubawa a hanta?

Yana kallon agogo da allo tare. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan allura, kumfar ke fara isa hanta, kuma ana bin ta na wasu mintuna.

- Dunƙulen jijiyoyi marar illa yakan fara haske daga gefe, ya cika a hankali zuwa tsakiya, kuma hasken ya daɗe.
- Ciwon dajin da ya samo asali a hanta yakan yi haske da wuri, sannan ya dusashe kaɗan, yawanci bayan daƙiƙa 60.
- Dajin da ya bazu daga wani sashe na jiki yakan dusashe da sauri, ya koma baƙi.
- Ƙullutun ruwa zalla ba ya haske ko kaɗan.

Wannan yana da muhimmanci a yankinmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, kuma shi ne kan gaba wajen jawo dajin hanta. Gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba tana ƙara haɗarin. Idan hantarka ta riga ta ƙanƙance, ana so ka yi sikanin kowane wata 6, ko ba ka jin ciwo. Ƙarin da aka gano yana ƙarami ya fi karɓar magani.

Sauran amfaninsa

Ana amfani da shi wajen duba ƙullutun ƙoda da fito da bangon zuciya sarai. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ake yi da ruwan gishiri na asibiti da aka kaɗa ya yi kumfa. Irin wannan kumfa ba ta tsallake huhu, don haka idan ta bayyana a ɓangaren hagu na zuciya nan take, alama ce ta ƙofa a tsakanin ɗakunan zuciya.

Yadda ake yin gwajin

Za a sa maka ƙaramar roba a jijiyar hannu, a zuba maganin da bai kai cikin ƙaramin cokali ba, a bi shi da ruwan gishiri. Za a iya cewa ka riƙe numfashi na ɗan lokaci. Iskar tana fita ta numfashinka cikin kimanin minti 15. Babu tururin haske irin na hoton ƙashi ko na siti sikan, kuma maganin ba ya cutar da ƙoda, don haka ya dace da masu ciwon ƙoda.

Akwai haɗari?

Wasu kan ji ciwon kai, tashin zuciya ko ɗumi a wurin allura, su wuce da kansu. Da wuya jiki ya ƙi maganin sosai, amma yana faruwa, shi ya sa ake ajiye ka kusan minti 30 bayan allura. Ka yi magana nan take idan ka ji ƙaiƙayi, jiri, ko numfashi na sarƙewa.

Kafin gwaji, ka shaida wa likita idan wani magani ya taɓa ɓata maka jiki, ko kana da ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su faɗa.

Idan babu shi a kusa da kai

Maganin daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Kada ka zauna jira. Ka tambayi likitanka ko siti sikan, ko em-ar-ai, ko ɗaukar ɗan tsokar hanta zai ba da amsa, da kuma ko za a tura ka wata cibiya kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ka tafi da duk tsofaffin hotunanka da sakamakon gwajin jini.