Moon Safari: Yadda Ƙaunar Masoya Ta Kusa Zame Wa Air Kurkuku

Tarihinmu na wannan mako daga Faransa ya fito.

A watan Janairun 1998 wasu samari biyu 'yan garin Versailles, kusa da Paris, suka fitar da cikakken kundin waƙoƙinsu na farko, Moon Safari, a ƙarƙashin sunan Air. Nicolas Godin zanen gine-gine ya karanta, Jean-Benoît Dunckel kuma lissafi. A lokacin, kiɗan na'ura a Turai yawanci na cashewa ne, mai bugu da sauri. Shekara guda kafin nan ne ma 'yan ƙasarsu Daft Punk suka girgiza gidajen rawa da kundin Homework.

Air sai suka juya baya. Suka ɗauko tsofaffin kayan kiɗa na shekarun 1970 da aka daina yayi, irin su Moog da Fender Rhodes, da na'urar nan da ke mayar da muryar mutum kamar ta mutum-mutumi. Abin da ya fito kiɗa ne mai sanyi da natsuwa, irin wanda mutanen da suka ga an sauka duniyar wata a 1969 suka yi zaton jikokinsu za su riƙa saurare. Wato goben da jiya ta yi mafarki. Har Jean-Jacques Perrey, ɗaya daga cikin dattawan kiɗan na'ura a Faransa, sai da suka jawo cikin waƙar "Remember".

Ingila ce ta fara rungumar su. Kundin ya kai mataki na 6 a jerin waɗanda aka fi saya a can, mujallun The Face da Select kuma suka zaɓe shi gwarzon shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin 'yan jaridar Ingila sun daɗe suna yi wa kiɗan zamani na Faransa dariya. A gida kuwa karɓuwar ba ta kai haka sauri ba. Akwai kuma masu sharhin da suka taɓe baki, suka ce kwaikwayon tsohon yayi ne kawai aka shafa wa turare.

Masoya ba su saurare su ba. Waƙoƙin "Sexy Boy" da "Kelly Watch the Stars" da "All I Need", wadda Ba'amurkiya Beth Hirsch ta rera, suka bazu. Amma zuma da zaƙi da harbi. Saboda sanyinsa, kundin ya koma kiɗan bayan fage: a shagunan kofi, a wuraren cin abinci, a faya-fayan da ake tattaro waƙoƙin hutawa. Mutane na son sa, amma da yawa ba sa zama su saurare shi, kunna shi suke su ci gaba da hira. Masu kwaikwayo suka yi yawa, sunan Air ya zama lakabin kiɗan shaƙatawa.

Su kuwa ba su yarda a ɗaure su a nan ba. A 2000 suka fitar da kiɗan fim ɗin The Virgin Suicides na Sofia Coppola, mai cike da alhini. A 2001 suka saki 10 000 Hz Legend, mai duhu da wuyar shiga kunne. Masoya da dama suka yi tsaki, kan masu sharhi ya rabu. An so a ba su Moon Safari na biyu, aka hana su.

Sai a 2024 Air suka zagaya duniya suna buga kundin farkon nan daga waƙar farko har ta ƙarshe. Kiɗan da aka gina a kan kewar shekarun 1970 ya zama shi kansa abin kewa. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Ga tambayar mako gare mu marubuta: idan aikinka na farko ya karɓu, masu karatu suka nace sai ka maimaita shi, za ka bi su ko za ka bi alƙalaminka? Air sun zaɓi ɓata wa masoya rai, kuma sai da suka yi nisa da kundin sannan suka dawo masa da ƙafarsu.