Kalandar Maya da Ƙagen Tashin Duniya a Shekarar 2012

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun wata ji-ta-ji-ta har zuwa tushenta, domin mu ga yadda aka ari bakin mutanen da, aka ci musu albasa.

Al'ummar Maya mazauna kudancin Meziko ne, da Guwatemala, da Beliz, da sassan Honduras. Biranensu sun bunƙasa tsakanin shekarar 250 da 900 Miladiyya, kuma sun shahara wajen ilmin taurari da lissafi. Cikin hanyoyinsu na ƙidayar zamani akwai ƙidayar dogon zango, wadda ta soma daga 11 ga Agusta, shekara 3114 kafin Miladiyya. Kwana 360 su ne tun, tun 20 su ne katun, katun 20 kuwa su ne baktun, watau kwana 144,000, kimanin shekara 394. Bisa wannan lissafi, baktun na 13 ya cika ranar 21 ga Disamba, 2012.

To, ina zancen halaka ya samo asali? A shekarar 1966 wani masani Ba'amurke, Michael Coe, ya faɗa a littafinsa cewa mai yiwuwa Maya sun ɗauki cikar wannan zagaye a matsayin ƙarshen duniya. Hasashe ne kawai, amma marubuta irin su José Argüelles suka ɗora masa nasu a shekarar 1987. Daga baya aka haɗa da tatsuniyar wata duniya mai suna Nibiru, wadda aka ce za ta yi karo da tamu. Da fim ɗin 2012 ya fito a shekarar 2009, sai magana ta game ko'ina. Abin ya kai hukumar NASA ta fito tana kwantar wa jama'a hankali, a Faransa kuwa sai da hukuma ta hana hawan dutsen ƙauyen Bugarach, inda wasu suka zaci nan ne mafaka.

Masana tarihi ba su yi jayayya da fatar baki ba, sai suka koma ga abin da Maya suka sassaƙa da hannunsu. Dutsen da aka samu a Tortuguero, na ƙarni na 7, ya ambaci wannan rana tare da sunan wani abin bautarsu, Bolon Yokte, amma bai ambaci halaka ba. Daɗin daɗawa, rubutun haikalin Sarki Pakal a Palenque ya hango zagayowar ranar naɗinsa a shekarar 4772. Wanda ya tsara biki bayan shekaru dubbai, ai bai sa ran duniya za ta naɗe kafin nan ba. Cikar baktun tamkar ƙarewar shekara ce, a sauke tsohuwar kalanda, a rataya sabuwa.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa ƙage ya sami gindin zama? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin mulkin mallaka. A shekarar 1562 wani limamin Kirista ɗan Sifen, Diego de Landa, ya ƙone littattafan Maya a garin Mani, kuma guda 4 kacal ne suka tsira daga ɓarnar wancan zamani. Al'ummar da aka ƙone mata littattafai, kowa na iya sa mata magana a baka. Alhali kuwa jikokin Maya miliyoyi ne a raye, kuma da yawa daga cikinsu sun musanta wannan ƙage, sai dai ƙarar masu neman kasuwa ta danne muryarsu.

Ranar 22 ga Disamba, 2012, gari ya waye kamar kullum. Darasin da ya rage gare mu, ɗalibi mai nazari da ma'aikaci mai rubuta rahoto, shi ne kada mu ɗauki zance sai mun tambayi wanda ya fara faɗinsa, da lokacin da ya faɗa, da hujjar da ya kafa.