Malamin Midil na Katsina da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

A ƙarshen shekarun 1930, mutumin Batsari ko Safana ba ya jin labarin duniya sai daga bakin fatake da masu dawowa daga birnin Katsina, ko kuma abin da aka sanar a ƙofar gidan hakimi, wato Sarkin Ruma a Batsari da Yarima a Safana. Labarin da ya bi ta baki goma kuwa, kafin ya iso gefen dajin Rugu ya yi kai ya yi ƙafa. A wannan zamani ne ji-ta-ji-ta ta cika ƙasar Arewa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila don ta sami zaman lafiya da Jamus. Hankalin Turawan mulki ya tashi, suka ga ba makawa sai an sami jarida da harshen da talaka yake ji. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, ana sayar da ita kwabo guda.

Kafin ita an taɓa gwadawa. Tun 1932 akwai Jaridar Nijeriya ta Arewa mai Hausa da Larabci da Turanci, amma ba ta wuce sanarwar gwamnati da labarin sarakuna ba, ba ta kuma fita a kai a kai. Abin da sabuwar jarida ta samu wanda waccan ta rasa shi ne Malam Abubakar Imam.

An haifi Imam a Kagara a 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa alƙali, don haka ya riƙe allo da tawada kafin ya san alli. Amma Katsina ce ta gyara shi. Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana koyarwa a can, Imam kuma ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aji a Makarantar Midil ta Katsina. Yaran wannan makaranta daga gundumomin ƙasar Katsina ake ɗebo su, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Wanda ya yi shekaru yana koyar da ɗan ƙauye da ɗan birni a kan benci ɗaya ya san irin maganar da ke shiga kunne da wadda ke wucewa ta sama.

A 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, yayansa ya aika da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. East ya ga alƙalamin wannan saurayi ba irin na kowa ba ne. A 1936 ya nemi aronsa daga Katsina, Imam ya zauna Zariya wajen wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, sannan ya koma ajinsa. Da maganar jarida ta taso, ba a yi dogon nema ba, shi aka ɗauko ya zama edita.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Jarida ta gwamnati ce, akwai Bature a sama yana duba abin da zai fita. Ga sarakuna da hakimai a gefe, waɗanda ba su saba a ambaci sha'anin ƙasarsu a takardar da kowa zai saya a kasuwa ba. Ga kuma malaman zaure, da yawansu suna kallon boko da wutsiyar ido. Sannan babu wata Hausar jarida da zai gada. Dole shi da abokan aikinsa su samo yadda za a ba mutumin da bai taɓa ganin teku ba labarin jirgin yaƙi mai nutso, su bayyana masa dalilin tsadar gishiri da kananzir, ba tare da sun mayar da shi yaro ba. Imam ya ɗauko salon hira ta dandali, da karin magana da barkwanci, ya zuba labarin yaƙi a ciki. Wata takwas da fitowar jaridar yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, ta zama abin da ake jira, har sojojin Arewa da aka kai Bama suna karanta ta suna aiko da wasiƙu.

Masu iya karatun boko a gundumomi 'yan ƙalilan ne a lokacin: malamin hakimi, malamin elemantare, malamin asibiti, malamin daji. Amma kwafi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Mai karatu ya zauna a kan tabarma bayan la'asar ya ɗaga murya, jama'a na kewaye da shi, wani ya ce a maimaita, wani ya musa. Takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta yage a wajen ninki.

A ganina, babban abin da Imam ya yi shi ne buɗe shafin wasiƙu. Nan ne ƙananan ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, da malaman makaranta suka fara koke a fili kan cin hanci da zaluncin masu karɓar haraji da ƙarancin makarantu. 'Yan boko irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano sun yi amfani da wannan fili tun kafin a kafa jam'iyya ko ɗaya a Arewa. Imam ba ɗan tawaye ba ne, gyara yake so a yi wa mulkin sarakuna, ba rushe shi ba, kuma masu zafin ra'ayi sun ga yana taka-tsantsan fiye da kima. Sai dai da ya yi irin zafinsu, da wuya ya kai shekara a kujerar.

Wannan hali ya bayyana a 1943, lokacin da aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Nnamdi Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don yana ganin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe rabonta. Amma a wannan tafiya ce ya zauna da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa illolin mulkin En'e ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Labarin tafiyar ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, mai injinan bugu nasa, wanda a 1948 ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Imam ya halarci taron tsarin mulki na Ibadan a 1950 cikin wakilan Arewa, ya bar kujerar edita a 1951 bayan shekara 12, ya shiga majalisa, daga baya kuma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981. Jaridar ta ci gaba da fita shekaru da dama bayansa, a ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna.