Etanol a Cikin Man Fetur da Tarihin Kwalbar Gwajinsa

Etanol shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin giya. Ana samun sa ne idan aka bar masara ko ruwan rake suka tsima, sannan aka dafa aka tara tururin. Yana cin wuta sosai, shi ya sa tun kafin a ƙera mota ake kunna fitila da shi a Amurka. Haraji ne ya fara durƙusar da shi. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin ƙasar ta ɗora wa barasa haraji ba tare da ta ware ta sha daga ta fitila ba, sai kananzir ya samu fili ya karɓe kasuwa. Ba a cire harajin daga barasar masana'antu ba sai 1906, lokacin kuwa fetur ya riga ya kama ƙasa.

Duk da haka injiniyoyi ba su manta da shi ba, saboda wata baiwa da yake da ita. Idan aka matse fetur da iska fiye da kima a cikin silinda, wani sashe nasa yakan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi, sai a ji injin yana ƙwanƙwasa, in abin ya dore fistin ya tsage. Etanol yana jure matsi fiye da fetur nesa ba kusa ba, yana kuma sanyaya iskar da ke shiga injin. Sai dai a 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗan ɗigon wani sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasar, aka fara sayar da fetur mai dalma a 1923. Arha ta yi halinta, aka shafe sama da shekara hamsin duniya na shaƙar guba.

Takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 shi ya dawo da etanol. Brazil, wadda ke da gonakin rake har inda ido ya tsaya amma tana sayo mafi yawan manta daga waje, ta kafa shirin Proálcool a 1975. A 1979 Fiat 147 mai shan etanol zalla ta fito, a 2003 kuma Volkswagen Gol ta zo da injin da ke karɓar fetur ko etanol ko gaurayensu. Feturin gidajen man ƙasar ma doka ta tilasta a gauraya shi: kashi 27 cikin ɗari daga 2015, aka ɗaga zuwa 30 a 2025.

Inda duk aka ce a gauraya abu mai tsada da mai arha, masu algus ba sa nisa. Saboda haka hukumar mai ta Brazil, ANP, ta wajabta wa kowane gidan mai ya ajiye kayan gwaji, ya kuma gwada a gaban mai saye idan ya nema. Gwajin ba shi da wani sirri. Ma'aikaci zai ɗauko doguwar kwalba mai zanen awo har mililita 100, ya zuba fetur zuwa 50, ya cike da ruwan gishiri, ya toshe baki, ya kifa ta ya miƙar sau goma, sannan ya ajiye ta a wuri mai daidaito na wasu mintoci. Fetur ba ya shiri da ruwa, etanol kuwa ya fi son ruwa da fetur, don haka sai ya baro man ya gangaro ƙasa. Ruwan da aka zuba 50 sai a tarar ya kai 63, misali. A ninka ƙarin 13 ɗin sau biyu, a ɗora ɗaya, an samu 27.

A Amurka masara ce ta yi aikin da rake ya yi a Brazil. Dokar harajin makamashi ta 1978 ta yi rangwame ga fetur mai etanol kashi 10, dokar 2005 ta tilasta wa matatu amfani da man da ake nomawa, har ya zama kusan duk feturin ƙasar yana ɗauke da kashi 10 ɗin. A gefe guda aka fito da E85, gaurayen da sunansa ke nufin etanol kashi 85, wanda aka yi domin motoci masu shan kowane gauraye. Ba a yi shi don 'yan tsere ba, amma su suka fi kowa murna da shi. Makanikan da ke sauya lissafin kwamfutar mota don ƙara mata ƙarfi sun ga cewa da E85 za su iya ƙara matsin turbo, su kuma sa filogi ya kunna wuta da wuri, ba tare da injin ya ƙwanƙwasa ba, a farashin da bai kama ƙafar na man tsere na gwangwani ba. Abin da za su biya shi ne yawan sha. Fetur yana son iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya nasa, etanol zalla kashi 9 kawai yake so, don haka dole a sa manyan nozul da famfon mai da zai iya turo ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari.

A nan suka yi karo da abin da sunan ya ɓoye. Lambar 85 ba alkawari ba ce. Ƙa'idar ASTM D5798 ta yarda etanol ɗin ya kasance ko'ina tsakanin kashi 51 da 83, domin a lokacin hunturu ba ya saurin zama tururi, mota takan ƙi tashi da safe, sai dillalai su ƙara fetur. Mota mai shan gauraye da ta fito daga kamfani tana gyara kanta. Wadda aka ɗaure wa lissafi guda a lokacin zafi, a watan Janairu tana iya shan man famfon da ta saba sha, fistin ya tafi. Masu haɗa nasu gaurayen ma ba su tsira ba: galan 5 mai kashi 85 da galan 10 na fetur mai kashi 10 suna ba da 35, amma idan na farkon 60 ne, abin da ke cikin tanki bai wuce 27 ba. Haka kwalbar gwaji ta shiga aljihun ƙofar motocinsu, 'yar ƙarama mai layin ruwa a ƙasa da lambobi a jiki. A Brazil tsoron ha'inci ne ya kawo ta, a Amurka canjin yanayi.

Daga baya makanikai suka ari na'urar da General Motors ke sa wa motocinsa masu shan gauraye. Ana ɗaura ta a kan bututun mai, tana auna yadda ruwan man ke amsa lantarki, abin da ya bambanta ƙwarai tsakanin fetur da etanol, sai ta aika wa kwamfuta sigina: bugu 50 a daƙiƙa yana nufin babu etanol, 150 yana nufin zalla. Kwamfutar sai ta daidaita mai da wuta da matsin turbo nan take, mota na tafiya.

Kowacce daga cikin hanyoyin biyu tana da makantarta. Ruwa idan ya shiga mai yakan ruɗi na'urar ta nuna etanol fiye da wanda ke akwai. Kwalba kuma ba ta bambanta etanol da ɗan'uwansa metanol, domin dukansu ruwa suke bi. Metanol shi ne wanda ya yi yawa a feturin da aka shigo da shi Najeriya daga Antwerp ta Beljiyam a farkon 2022, ya lalata injina, ya jawo dogayen layuka a gidajen mai, kuma tantance shi sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje.