'Yan ƙwallon da suka buga wa Kano Pillars da Enyimba

Kano Pillars da Enyimba ta Aba manyan abokan hamayya ne a gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, amma akwai 'yan wasan da suka sa rigar kowacce. Theophilus Afelokhai ya daɗe yana tsaron gidan Sai Masu Gida, wato Kano Pillars, da shi aka ci kofunan gasar na 2012, 2013 da 2014, kafin ya koma Aba.

Chinedu Udoji, ɗan wasan baya, shi kuwa daga Enyimba ya zo Kano, bayan ya riƙe mata kyaftin. A Fabrairun 2018 ya buga wa Pillars wasa da tsohuwar ƙungiyarsa a filin Sani Abacha, a daren ranar kuma ya rasu a haɗarin mota cikin garin Kano. Rashinsa ya girgiza magoya bayan ƙungiyoyin biyu matuƙa.