Sanƙarau daga Zariya zuwa Damagaram: aikin Brian Greenwood

A ƙasar Damagaram sanƙarau baƙon rani ne. Yakan sauka bayan hunturu ya busar da maƙogwaro, ya tsananta da bazara, ya kuma yi ƙaura da zarar ruwan farko ya zuba. A shekarar 1963 likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya shata iyakar yankin da annobar ke kai wa farmaki, Nijar kuwa na tsakiyarsa. Amma taswira ba ta faɗin abin da ke gudana cikin jinin majinyaci. Kaso mai tsoka na wannan sani a Zariya aka tono shi.

Brian Greenwood, Baturen Ingila da aka haifa a 1938, ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a 1965. Ya koma gida ya ƙware kan ilimin garkuwar jiki, sannan a 1970 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya shekara 10. A 1971, shi da abokan aikinsa, ciki har da Hilton Whittle, suka nuna yadda za a gano cutar cikin hanzari ta hanyar neman sinadarin ɓawon ƙwayar a ruwan ƙashin baya, ba sai an jira ta tsiro a ɗakin gwaji ba.

Wannan ɓawo shi ne tushen zancen. Ƙwayar sanƙarau tana lulluɓe da riga ta wani nau'in sukari, kuma da sukarin aka harhaɗa alluran rigakafi na farko. Babba yakan amfana da su na ƴan shekaru, amma garkuwar jikin ƙaramin yaro ba ta riƙe kamannin sukari zalla, sai ta manta. Allurar kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita ba tare da ciwo ba. A 1978 Greenwood da Williamson suka ƙara gano cewa yaron da bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, jikinsa ba ya karɓar allurar yadda ya kamata. A ƙasar da kusan kowane yaro ya san wannan zazzaɓi, ba ƙaramin labari ba ne.

Ba daidai ba ne a jingina komai ga mutum guda. Sadiq Wali ne sunan farko a kan binciken 1979 da ya nuna cewa allura ɗaya ta chloramphenicol mai maiƙo na iya warkar da cutar, abin da ya dace da ɗakin shan magani na ƙauye inda ma'aikaci ɗaya ke fama da majinyata barkatai. Da wannan allura aka yi ta yaƙar annoba shekara da shekaru, har zuwa 2003, lokacin da aka gwada ta da ceftriaxone a jahohin Damagaram da Maraɗi, aka tarar sabon maganin bai gaza ta ba. Wato ma'aunin da Damagaram ta yi awo da shi, Zariya na cikin waɗanda suka sassaƙa shi.

Greenwood ya koma Gambiya a 1980, daga baya Landan. Annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum fiye da 250,000 ta kashe kimanin 25,000 a Afirka, ita ta tilasta neman sabuwar dabara: a ɗaure sukarin a jikin furotin, domin garkuwar yaro ta gane shi ta kuma tuna. Haka aka sami MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010. Binciken da Greenwood ya sa hannu a kai a Cadi, wanda ya fito a 2013, ya nuna raguwar cutar da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar.

Sai dai nau'in A kaɗai allurar ta tare. Nau'in C ya ɓarke a Yamai a 2015, ya kuma sauka a jahar Damagaram a ƙarshen 2022. A 2024 ne Najeriya, sannan Nijar, suka fara amfani da allurar da ta haɗa nau'i 5, kowanne ɗaure a jikin furotin.